Hirar Dattijo: Lanho da Rumbun Gandu

Masu karatu sun san Dattijo. Manomi ne a wani ƙauye na jihar Maraɗi. Shekarunsa sun wuce 70, kuma har yanzu da haiwa yake noma. Ba ya yarda da sabon abu sai ya ga abin ya shekara uku a gonar maƙwabci. Radiyonsa ba ta rabuwa da shi, amma rabin abin da take faɗi gardama yake yi da ita. A wannan wata maganar lanho ce ta tashe shi, har ta kai shi inda bai yi niyyar zuwa ba.

Lanho ya zo

An gama girbi, an ɗaure hatsi, an kai rumbu. Sai maroƙin mai gari ya zagaya da maraice yana shela, kowane mai gida ya shirya kuɗin lanho. Dattijo ya buɗe adaka, ya ɗauko katin iyali. Ya miƙa wa jikanyarsa mai zuwa lakwal, ta karanta masa. Mutum takwas ne a kansa. Cikinsu har da ɗiyansa maza uku da matansu.

Babban ɗan yana gida, shi ke noma tare da uban. Na biyu yana wajen haƙar zinariya a arewacin Agadas. Ƙaramin yana kabu-kabu a Maraɗi. Dattijo ya girgiza kai, ya ce: "Sunaye sun cika takarda, gona kuwa mu biyu ne. In an zo karɓar kuɗi ina da ɗiya uku. In an zo noman farko ɗa ɗaya gare ni."

Lanho ba baƙon abu ba ne gare shi. Babansa ya ba shi labarin zamanin Nasara, lokacin da kumandan ke yanka kuɗi a kan kowane kai. Bayan kuɗin ga aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946. Da aka samu mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Nasara ya tahi, lanho ya zauna. A waɗannan shekaru gujiya ce ke biyansa. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gujiya. Manomi ya kai buhuna a auna, ya karɓi kuɗi, kahin ya iso gida dogari yana jiransa.

Dattijo yana saurayi aka yi farin 1973. Shanu suka mutu, rumbuna suka bushe, mutane suka watse neman abinci. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka hamɓare Jori Hamani, Saini Kunce ya hau. A 1975 cuta ta faɗa wa gujiya, gonaki suka lalace, noman gujiya bai koma yadda yake a da ba. Allah ya sa a lokacin ƙarhen uraniyom na Arlit yana da daraja a kasuwar duniya. Kahin shekarun 1970 su ƙare gwamnati ta ɗauke wa talaka lanhon kai da jangali, aka bar kuɗin gunduma. Daga baya, da aka yi zaɓen magadan gari na farko a 2004, kuɗin suka koma hannun ƙananan hukumomi. Mai gari ne ke tarawa, kuma doka ta ba shi ɗan kasonsa.

Mai biya yana da ikon tambaya

Wasu samari sun ɗauka tunda Dattijo yana yawan ƙorahi, zai ce kada a biya. Sun yi kuskure. Ya ce musu: "Gidan da ba rumbu ba gida ba ne. Ƙasa ma haka take. Wanda ke son rijiya da gidan likita da lakwal, ya sa hannu a aljihu. Ni ban taɓa gudu daji don lanho ba, ubana ma bai taɓa ba."

Sharaɗi biyu gare shi. Na farko, takardar shaidar biya. Akwai shekarar da wani maƙwabcinsa ya ba da kuɗi a bakin kasuwa, bai karɓi takarda ba. Bayan wata biyu aka sake zuwa masa. Ya rantse, ya kawo shaidu, duk da haka sai da ya sayar da akuya ya biya sau biyu. Tun daga ranar Dattijo ba ya sakin dala sai ya ga takarda. Yana sa a karanta masa suna da yawan kuɗin da shekara, sannan ya ninke ya sa a adaka.

Sharaɗi na biyu shi ne a faɗi inda kuɗin suka tahi. Famfon garinsu ya lalace tun bara, mata sun koma tsohuwar rijiya mai zurhi. Dattijo ya ce: "Na kai damina rumbun hukuma. To, wa ya ci? Tambaya ba rashin kunya ba ce. Mai biya yana da ikon tambaya." Wannan magana ya faɗe ta a gindin bedi, ya faɗe ta a ƙofar masallaci, ya faɗe ta a gida har yara suka haddace.

Shugabanni 11

In hira ta gangara kan siyasa, Dattijo da yatsu yake ƙidaya. Jori Hamani, Saini Kunce, Ali Shaibu, Mahamman Usman, Ibrahim Ba'are Mainasara, Dauda Malam Wanke, Tanja Mamadu, Salu Jibo, Mahamadu Isuhu, Muhammad Bazum, Abdurahaman Ciyani. Shugabanni 11 ke nan tun 1960. Sau biyar soja suka karɓi mulki: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Ya ce duk ya gan su, kuma ba wanda ya taɓa riƙa masa haiwa ko na yini ɗaya.

Jam'iyyu ba su taɓa burge shi ba. Ya tuna babban taron ƙasa na 1991 a Yamai, da zaɓen 1993. A ganinsa tun lokacin gari ya tsage. Wa da ƙane suka daina gaisawa saboda launin ƙyalle. Aka fasa aure don uban yarinya yana wancan ɓangare. Ƴan takara su zo da sabulu da gishiri da atamfa, bayan zaɓe ƙurar motarsu ma ba a ƙara gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji shi.

A 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. A watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyu. Dattijo bai yi kuka ba, bai kuma yi guɗa ba. Ya ce: "Ko zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, ko mai rawani ko mai kaki, duk wanda ya karɓi kuɗin talaka ya faɗi inda ya kai su."

Yana da ma'aunin da yake auna kowane mai mulki. Nawa tiyar hatsi a watan da rumbu ya ƙare? Akwai magani a gidan likita? Mutum yana iya zuwa kasuwa da tumakinsa ya dawo lahiya? Ya ga yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa suna El Buhari, don a shekarar Nijeriya ta ruhe iyaka. Ya ga watan Janairu 1994, da aka rage darajar sefa da rabi, takin zamani da magani suka yi tsada. Ya ga yunwar 2005. Ya ga an sake ruhe iyaka a 2019 da 2023, hanyar Jibiya ta mutu. A duk waɗannan shekaru abin da ya ceci gidansa shi ne ɗan abin da ya ɓoye a rumbu. Shi ya sa yake cewa tiya ba ta san jam'iyya ba.

Abokinsa makiyayi

Dattijo yana da aboki makiyayi, tun suna samari. Kowace kaka yakan sauko da shanunsa, ya kwana a gonar Dattijo, shanu su ci kara su bar taki. A bana da suka zauna shan hura, Dattijo ya ce: "Kai dai ka huta, an ɗauke maka jangali tun zamanin Kunce."

Makiyayi ya yi dariya. Ya ce: "Malam, jangali ya tahi, tikiti ya zo. In na shigar da sa kara in biya. In an saye shi a sake yanka takarda. Ban ƙi ba. Amma ina burtalin da muke bi muna yara? Gona ta cinye shi. Shanu ba su da hiffike."

Dattijo ya yi shiru, don ya san gaskiya ce. Ƙasa ba ta ƙaruwa, mutane kuwa suna ƙaruwa. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 a Nijar. Ta 2012 ta sami miliyan 17. Gonar da kakan Dattijo ya sare shi kaɗai, yau gida tara ke cin ta. Don haka aka yi dokar karkara a 1993, aka kafa kwamitocin kula da hilaye har cikin ƙauyuka. A ciki akwai mai gari da wakilan manoma da na makiyaya da na mata. Su ke shaida iyakar gona da burtali, su ke ba da takarda in an yi sayarwa ko jingina ko aro ko kyauta. Dattijo ya daɗe yana cewa shi iyakarsa gamba ce da kakansa ya dasa, ba ya bukatar takarda. Makiyayi ya ce masa: "Kai da ba ka sakin dala sai da takarda, gona guda ka bari ba takarda?"

Gandu

Abin da ya hi damun Dattijo shi ne mutuwar gandu. Matasa da yawa sunan kawai suka sani. A da, duk mazan gida a babbar gona suke aiki ƙarƙashin mai gida. Akwai kwanakin gandu, akwai kwanakin da kowa ke zuwa gamanarsa, mace da saurayi. Abin da gamana ta ba da na mai ita ne. Abin da gandu ya ba da na gida ne duka.

Mai gida kuma yana da nasa nauyi. Shi ke ciyarwa da damana. Shi ke biyan lanhon kowa. Shi ke sayen haiwa da kalme, shi ke yi wa ɗa auren farko, shi ke ba da ragon suna. A ƙasar Maraɗi, in an gama kaka akan ruhe rumbun gandu, maza su tahi cin rani, mata su ciyar da ɗiya da hatsin gamana. Ba a buɗe babban rumbu sai ruwan shuka ya sauka, don masu noma su sami ƙarhi. Dattijo ya ce wannan dabara ta hi duk wata da ya ji a radiyo.

Yanzu kuwa cin rani ba ya ƙarewa. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, samari suka kama hanyar arewa. Wasu su yi shekara biyu ba su ga damana a gida ba. Dattijo yakan ce ɗan yau yana son tuwo amma yana ƙin zuhwa, ya hi son danna talho da riƙon kalme.

Sabon abu ɗaya ya taɓa karɓa. Bayan yunwar 1984, da aka zo da sassabin zamani, aka ce a bar kututture ya toho a gona, a rage masa rassa, ya girma. Dattijo ya ƙi, ya ce inuwa tana kashe hatsi. Ya zuba ido shekara uku. Yau gonarsa cike take da gawo da kalgo, iska ba ta binne shuka, mata ba sa tahiya nesa neman icce. In an tuna masa, sai ya ce ai kakanninsa ma haka suke yi.

Laihi tudu ne

Ranar kasuwa ƙaramin ɗan ya zo daga Maraɗi. Bayan sallar isha'i ya durƙusa, ya ce: "Baba, yaya na arewa ya yi talho. Ya ce a gaishe ka. Ya ce kuma yana son a yanka masa rabonsa na gona, ya sayar, ya sayi injin niƙan dutse." Dattijo ya miƙe tsaye. Ya ce yana raye ba a raba gonar ubansa, wanda ke son gado ya jira a kai shi kushewa.

Sai babban ɗan, wanda bai cika magana ba, ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ka yi haƙuri. Shekara 20 ina noman gandu. Ban taɓa sanin dami nawa muka samu ba. Ban san nawa aka sayar ba. Ƙannena suna aiko da kuɗi, ba su san abin da aka yi da su ba. Shi ya sa zuciyarsu ta hita daga gona." Dattijo ya ce tunda yake bai taɓa jin ɗa ya tambayi uba lissahin rumbu ba. Ya shige ɗaki.

Da dare uwargida ta kawo masa ruwa. Ta zauna nesa kaɗan, ta ce: "Malam, in faɗi magana?" Ya ce ta faɗi. Ta ce: "Wata guda ke nan kana cewa mai biya yana da ikon tambaya. Har jikokinka sun iya. Yaran nan su ma masu biya ne. Ɗaya ya biya da zuhwa, biyu sun biya da kuɗi. Kai ne hukumarsu. Laihi tudu ne, Malam, ka taka naka ka hango na wani."

Dattijo bai amsa ba. Kwana uku bai kunna radiyo ba, bai je gindin bedi ba. Mutane suka fara tambaya ko ba shi da lahiya.

Lissahin rumbu

A rana ta huɗu da sahe ya kira ɗiyansa biyu da uwargida. Ya ce jikanya ta kawo littahinta da alƙalami. Aka kira na arewa a talho, aka aje talhon a kan tabarma. Dattijo ya faɗi, yarinya ta rubuta.

Gandu ya ba da dami 180 a bana. An hidda zakka, ɗaya bisa goma, dami 18. An ware na iri, dami 6. An sayar da dami 4 don lanho da kayan lakwal. An biya bashin takin zamani da dami 12. Saura dami 140. A gidan, baki 17 ke ci, dami ɗaya kwana biyu yake yi. Dami 140 kwana 280 ke nan. Shekara kuwa kwana 365 ce. Akwai ramin kwana 85, kusan wata uku.

Kowa ya yi shiru yana duban takarda. Dattijo ya ce: "Wannan rami, hatsin gamanar mata da kuɗin da kuke aikowa ke cike shi. Bara kuɗinka, kai na arewa, buhu uku na saya da su, sauran na kai uwarku gidan likita. Ban faɗa maka ba, don ubana bai taɓa faɗa mini ba." Sannan ya ce: "To, ku duba. In aka yanke kashi ɗaya bisa uku aka sayar, dami 60 sun tahi kowace shekara. Matarka da ɗiyanka suna cikin baki 17. Inji yana lalacewa, ramin zinariya yana ƙarewa. Wa zai ba su tuwo?"

Talho ya yi shiru har aka ɗauka layi ya yanke. Can na arewa ya ce: "Baba, ban san haka abin yake ba. Amma ni ma ina son abin da zan ce nawa ne." Aka daɗe ana magana. Ga abin da aka tsaida. Ba za a sayar da gona ba. Kowane ɗa za a ƙara masa gamana, matarsa ta noma ko ya sa a noma masa. Waɗanda ba sa gida za su aiko da kuɗin ƴan barema kahin ruwan farko, maimakon hannunsu. Babban ɗan, da yake shi ke shan rana, zai ɗauki dami 10 na kansa. Kowace kaka za a zauna a rubuta abin da ya shiga rumbu da abin da ya hita. Za a je wurin kwamitin hilaye a yi wa gona takarda, a kuma shaida iyakarta da burtali.

Na arewa bai ce ya yarda duka ba. Ya ce zai zo da Sallah a ƙarasa magana ido da ido. Dattijo ya ce ƙofa a buɗe take.

Washegari ya biya lanho, ya karɓi takarda, aka karanta masa. Ya ce wa mai gari ranar da za a kai kuɗin, shi da dattawa biyu za su raka shi ohishin magajin gari, su ji labarin famfo. Mai gari ya ce ba a saba haka ba. Dattijo ya ce shi ma bai saba buɗe wa ɗiya lissahi ba, ga shi ya yi bai mutu ba.

Kada masu karatu su ɗauka Dattijo ya sake hali. Har yanzu yana cewa tuwon da aka daka a turmi ya hi na inji daɗi. Har yanzu yana cewa yaro ba ya zama a kujera babba yana tsaye. Yanzu kuma wata sabuwa ta taso. An zo neman auren jikanyar nan mai riƙon littahin rumbu, ita kuwa saura mata shekara biyu ta gama lakwal. Dattijo ya ce a ba shi wata guda ya yi tunani. Abin da ya yanke zai zo a hira ta gaba, in Allah ya kai mu.